A Duba Kafin A Tona: Kufan Ƙasar Katsina da Na'urorin Hange Daga Sama

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

 Wannan shirinmu ne na faɗakarwa, daga nan birnin Katsina. 

Yau za mu taɓo wani fannin ilimi da ba a cika jin sa a rediyo ba, wato binciken kayan tarihin da ke binne a ƙasa: kufai, da kusheyi, da ganuwar da ta kwanta, da marinar da ta cike, da wurin da maƙeran dā suka narka tama. A can baya, mai wannan sana'a ba shi da kayan aiki sai ƙafarsa da idonsa da shebur. Yanzu kuwa yana iya zama gaban kwamfuta ya leƙa gonakin Mani ko na Kaita daga sararin samaniya, ya kuma ja wata na'ura a bisa ƙasa ta nuna masa abin da ke ciki tun bai kafa diga ba. Ina so mu fahimci yadda wannan aiki yake, da abin da zai yi mana a ƙasar Katsina, da kuma dalilin da ya sa nake ganin lokaci yana ƙure mana.

Mu fara da Durɓi ta Kusheyi. Duk Bakatsine ya san sunan, ko da bai taɓa taka wurin ba. Tana cikin ƙaramar hukumar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birni. Tuddai ne da aka tara ƙasarsu da hannu, waɗanda tarihin baka ya ce kusheyin sarakunan Durɓawa ne, zuriyar Kumayau, da suka yi zamani kafin Muhammadu Korau. A 1907, Baturen mulki H. R. Palmer, tare da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko wanda a lokacin bai daɗe da hawa karaga ba, ya sa aka tone wasu daga cikin tuddan, har da mafi girmansu. An sami tukwane, an sami kayan ƙarfe. To, ina kayan suke yau? Sun salwanta. Abin da aka rubuta a kan tonon ma bai taka kara ya karya ba. Kuma babu gyara, domin kabarin da aka tone sau ɗaya ya tonu ke nan. Yadda aka ajiye mamacin, da abin da ke wajen kansa, da abin da ke wajen ƙafarsa, duk shebur ya hautsina su.

Bayan shekara 85, a 1992, masana daga Jamus tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa suka koma suka tone tuddai 3. Wannan karon an auna, an zana, an ɗauki hoto. A kowane tudu mutum ɗaya aka tarar a tsakiya, tare da kayan alfarma: ado na zinariya, da awarwaro na hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da kwanonin tagulla, ciki har da wanda ƙirarsa ta Gabas ta Tsakiya ce. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus, aka tsabtace su, aka gwada sinadaransu a ɗakin bincike, sannan aka maido su Najeriya a 2014. Gwaji ya nuna kusheyin sun faro ne daga wajen ƙarni na 14. Ma'ana, tun a wancan zamani akwai masu mulki a nan da hannunsu ya kai ga hajar da ta ƙetaro Sahara. Wuri ɗaya ne, tuddai iri ɗaya, amma tono na farko ya bar mu hannu Rabbana, na biyu kuwa ya ƙara mana sani.

Sai dai akwai tambayar da kusheyi ba za su amsa ba. Mutanen da suka tara waɗannan tuddai, ina gidajensu suke? Ina rijiyoyinsu, ina maƙerarsu, ina kasuwar da wannan wuri da tagulla suka sauka? Ba za a bi gonakin mutane kadada bayan kadada ana tonewa ba. Babu kuɗin, babu lokacin, kuma bai ma kamata ba. A nan ne hange daga sama yake shigowa.

Kafin in ambaci wata na'ura, bari in ba manomi haƙƙinsa, don shi ya riga kowa sanin sirrin. Duk wanda ya taɓa noma a kufai ya san ƙasar wurin toka-toka ce, garma tana ta tono tsingaro, geron da ya faɗa kan tsohon juji kuma ya fi na ko'ina kai. Ya san in ka ga kukoki sun yi cincirindo a dawa, ba gida ba bukka, to an taɓa zama a nan. Yanzu mu ɗauki gwalalon da aka haƙa a bayan ganuwa shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Iska da ruwa sun cike shi da ƙasa mai laushi, har ya yi daidai da gona. Amma wannan ƙasa tana riƙe danshi fiye da ta gefenta. Idan ruwa ya ɗauke, dawar da ke kanta za ta tsaya kore shar bayan ta gefe ta fara bushewa. A kan gindin ganuwar kuwa ƙasa ta daskare, saiwa ba ta ratsa ta, sai shuka ta tsumbure ta yi rawaya da wuri. Mai gona yana ganin haka kowace shekara, ya ce, “Nan wurin ba ya yi.” Abin da ba ya gani shi ne, wannan layi ya shiga gonar maƙwabcinsa, ya zarce ta gaba, ya lanƙwasa, ya zagayo. Wanda ya hango daga sama shi ne zai ga da'ira cikakkiya, ya gane gari ne guda mai ganuwa yake kwance a ƙarƙashin gonaki goma ko ashirin.

Taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton ƙasa don amfanin farar hula sun fara ne da Landsat na Amurka a 1972. Yau akwai Sentinel-2 na ƙasashen Turai, wanda aka fara harbawa a 2015. Yana bi ta kanmu duk bayan 'yan kwanaki, hotunansa kyauta ne, kuma kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 10 a ƙasa. Kyamararsa tana kama wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda lafiyayyen ganye yake mayarwa sama da ƙarfi. Saboda haka bambancin shuka mai ƙoshi da mai ƙishi yana fitowa ɓaro-ɓaro, ko da ido bai raba su ba. Manhajar Google Earth kuma, tun 2005, ta sa hoto mai kaifi a hannun kowa. A kanta za ka ƙirga kukoki ɗaya bayan ɗaya, ka kuma ja baya ka ga yadda wurin yake shekarun da suka wuce. Mu ma ba baƙi ba ne a fagen. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara wasu 2 a 2011, kuma akwai cibiyar ƙasa ta wannan aiki a Jos. Sai dai ko hoton sama yana da lokacinsa. A watan Agusta gajimare ya rufe, da tsakiyar hunturu hazo ya turnuƙe. Ƙarshen damina zuwa farkon kaka shi ne lokacin da ƙasarmu ta fi bayyana abin da ta ɓoye.

Abin ba tatsuniya ba ne. A 2011, masana daga Jami'ar Lesta ta Ingila suka bayyana cewa ta hanyar hotunan tauraro sun gano tsofaffin ƙauyuka da gidaje masu garu fiye da 100 a yankin Fazzan na kudancin Libiya, na wata al'umma da ake kira Garamanti. Fazzan kuwa ba baƙon suna ba ne ga kakanninmu fatake, don ta can ayarin raƙuma yake bi zuwa Tarabulus.

Amma ni a ganina, jama'a, hoton da ya fi mana daraja ba sabo ba ne, tsoho ne. A 1946 Ingila ta kafa ofishin safiyo na ƙasashen da take mulka, jirage suka riƙa shawagi suna ɗaukar hoton ƙasa jere-jere don zana taswira, har da arewacin Najeriya. Tarin hotunan, sama da miliyan ɗaya, yana ajiye a birnin Edinbara, ana kuma mayar da shi cikin kwamfuta. Sannan daga 1960 zuwa 1972, lokacin yaƙin cacar baka, Amurka ta yi amfani da taurarin leƙen asiri masu suna Corona, suka ɗauki hotuna fiye da 800,000 na sassan duniya, ciki har da Afirka. Asiri ne na soja har zuwa 1995 da aka sake su ga jama'a. Mafi kyawunsu suna nuna abin da bai wuce mita 2 ba. Masu binciken tarihi suka yi caa a kansu. A arewacin Siriya da Iraƙi, da waɗannan hotuna aka zana tsofaffin hanyoyin ƙafa na kusan kilomita 6,000, waɗanda mutane da dabbobi suka tattake tun shekaru 4,000 da suka wuce, alhali da yawansu yau tarakta ta shafe su.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Domin hoton da aka ɗauka a 1950 ko 1965 ya ga Katsinar da mu ba mu gani ba. Ya gan ta kafin ta zama babban birnin jiha a 1987, kafin a yanka fulotai a gonakin bayan gari, kafin tituna masu hannu biyu. Ya ga burtali a inda yau shaguna ne, ya ga kududdufi a inda yau masallaci ne.

Ku dubi ganuwar birni. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya ƙiyasta kewayenta mil 13 zuwa 14, kaurin gindinta kuma wajen ƙafa 30. Ya ce mazauna birnin a lokacin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, mafi yawan cikin ganuwar fili ne da gonaki, har ya rubuta sunayen unguwanni masu yawa. Waɗanda suka zo bayansa sun ba da adadin kewayen da bai kai nasa ba. Yau fa? Sunayen ƙofofi suna nan daram a bakinmu: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka. Amma katangar da ta haɗa su, sai dai guntu nan guntu can. An ɗebi ƙasarta an yi tubali, an gina gidaje a kanta, ruwa ya zaizaye saura. Yaro ɗan shekara goma zai ce maka gidansu a Ƙofar Marusa yake, bai taɓa ganin abin da ƙofar take buɗewa ba.

Ga abin da kwamfuta za ta iya yi. A ɗauko tsohon hoton sama, a ɗora shi a kan hoton bana, a daidaita su da abin da bai gusa ba, irin su hasumiyar Gobarau da gidan Sarki. Nan take layin ganuwa zai fito a kan titunan yau. Za a auna tsawonta daidai, a san wane ɓangare ya tafi a wane zamani, a kuma san taku nawa ya rage. Ba don a rushe gidan kowa nake faɗa ba, wanda ya gina ya gina. Amma abin da ya rage ba zai tsira ba sai an san inda yake, an sa shi a taswirar da masu ba da fili suke dubawa. Wannan aiki ne da ɗalibi mai naci zai yi da kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma ina ganin ya kamata a ce tuni an gama shi an manna a kowace makarantar birni.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Madalla. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda na'urorin zamani suke taimaka wa masu binciken tarihi su ga abin da ke binne ba tare da tono ba.

Mun gama da sama, mu sauko ƙasa. Likitan kirki ba ya fara yanka mara lafiya sai ya tura shi ɗakin hoto ya ga abin da ke ciki. Haka mai binciken tarihi na yau yake yi wa ƙasa. Babban kayan aikinsa shi ne ma'aunin maganaɗisu. Sanda ce mai na'ura, mutum ya rataya ta ko ya tura ta a kan ƙaramin keke, yana tafiya layi-layi a fili, bayan ya cire agogo da makulli da duk wani ƙarfe daga jikinsa. Dalili shi ne, yumɓun da wuta ta gasa, da tokar murhu, da kashin tama, da ramin da shara ta cike, kowanne yana ɗan karkata ƙarfin maganaɗisun ƙasa. Na'urar tana rubuta wannan ɗan bambanci taku bayan taku. Da yamma a zuba a kwamfuta, sai hoto ya fito baƙi da fari: ga murhu, ga rami, ga layin gwalalo.

An gwada wannan a ƙasarmu, kuma ya yi aiki. A Zilum, arewa da Maiduguri, masana daga Jami'ar Farankfot tare da abokan aikinsu na Jami'ar Maiduguri sun auna wani fili a farkon shekarun 2000. In ka tsaya a wurin ba ka ganin komai sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da tsingaro. Na'urar ta nuna ramuka bila adadin, ta kuma nuna gwalalo ya kewaye mazauni mai faɗin kadada 12. Sai aka tone 'yan wurare kaɗan da hoton ya nuna, aka tabbatar. Garin ya kai shekara 2,500, yana cikin tsofaffin garuruwa masu kariya da aka sani a kudu da Sahara. Da shebur kaɗai aka dogara, da an shekara ana haƙa ba a gane siffar garin ba. Ku yi tunanin a ja irin wannan sanda a gonakin da ke kewaye da Durɓi ta Kusheyi bayan an cire amfanin gona.

Akwai kuma na'ura mai aika igiyar rediyo cikin ƙasa ta saurari amsa-kuwwa. Tana son jigawa busasshiya irin tamu, ba ta shiri da laka. Akwai ta hasken leza, wadda ake ɗaura wa jirgi ta auna tudu da kwari har ta tsakanin ganyen itatuwa. Da ita aka gano gine-gine fiye da 60,000 a dazukan Gwatemala, aka sanar a 2018. Tana da tsada, mu kuma dajinmu bai yi wannan duhu ba, don haka ba ita ce gabanmu ba.

Wadda ta fi kusa da aljihunmu ita ce gina siffar abu daga hotuna. Mu ɗauki Gobarau. Gini ne na ƙasa mai tsayin kusan mita 15, kowace damina tana lasar jikinsa, kowane yaɓe yana ɗan sauya masa kama. Mutum zai zagaya shi da kyamara, ko da ta waya ce mai kyau, yana ɗauka taku bayan taku, kowane hoto yana haɗa baki da na bayansa, daga gindi, daga matakala, daga sama. Manhaja za ta nemo ɗigon da ya bayyana a hotuna da yawa, ta lissafa nisansa, ta fito da hasumiyar a fuskar kwamfuta, ana juya ta ta kowane gefe, ana auna faɗin tsaga. A maimaita bayan shekara biyu a gwada, za a ga inda ruwa ya ci. Ranar da wani sashe ya zube, Allah Ya kiyaye, magina suna da abin dubawa. An yi wa duwatsun Ikom na jihar Kuros Riba irin wannan aiki. Ƙofofinmu na asali da aka sāke da siminti, da an yi musu haka kafin a taɓa su, da yau jikokinmu suna da abin gani.

To, kada mu ɗauki na'ura mu kai ta inda ba ta kai ba. Tauraro zai nuna maka da'ira, ba zai faɗa maka sunan garin ba, ba zai ce wane yaƙi ya tashe shi ko wace rijiya ta ƙafe ba. Da'irar ma tana iya zama shingen garke na shekara 40, ko ramin da aka ɗebi ƙasar titi. Dole a je da ƙafa, a tsinci tsingaro, a zauna da mai gari da tsofaffi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, da ya rubuta littafinsa a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981, gari-gari ya bi yana tambayar dattawa, yana duba kufai da idonsa. Na'ura ba ta kore wannan hanya ba, ƙarfi ta ƙara mata. Hoton tauraro zai jira mu shekara hamsin a ma'ajiyarsa. Tsohon da ya san sunan kufan, da wanda ya sare shi, da inda mutanensa suka koma, shi ba zai jira ba. Wayar da ke hannun jikansa tana iya naɗar muryarsa, tana kuma iya rubuta lambobin da ke nuna daidai inda wurin yake a doron ƙasa. In an haɗa murya da lamba da hoto, an ceci gari guda daga mantuwa.

Akwai wani amfani da halin da muke ciki ya ƙara fito da shi. Kowa ya san yankunan Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya sun sha fama da rashin tsaro, mai bincike ba ya shiga dajin Rugu da igiyar awo. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Kafin nan, daga sama ana iya lissafa abin da ke wurin, a ajiye har ranar da hanya za ta buɗe.

Akwai kuma haɗari, ba zan ɓoye muku ba. Taswirar da ta nuna wa malami kufai, ita za ta nuna wa ɓarawo. An daɗe ana haƙe gumakan yumɓu a arewacin ƙasar nan ana fitar da su ta bayan fage, har ya kai a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa na Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina a jerin kayan Afirka da ake gargaɗin kada a saya. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira na Katsina a kasuwannin Turai, babu wanda ya rubuta ramin da suka fito, don haka sun zama kayan ado kawai, tarihinsu ya mutu. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana tono ba izini, ta hana fitar da irin waɗannan kaya. Saboda haka lambobin wurare ba abin watsawa a Facebook ba ne, a hannun hukuma da masarauta ya kamata su zauna. Haka nan jirgi mara matuƙi mai ɗaukar hoto: kada wani saurayi ya ji wannan shiri ya tashi nasa a kan gari. Sai da izinin hukumar jiragen sama da na jami'an tsaro.

Na san wani yana sauraro yana cewa, “Malam, ana fama da kuɗin masara, wa yake ta kufai?” Maganarka tana kan hanya, ɗan'uwa. Amma yaron da ya koyi karanta hoton tauraro don neman ganuwa, da wannan ilimin zai gano hanyar ambaliya, ya auna gonar da zaizaya ta ci, ya bi burtalin da aka toshe har ya jawo rigima. Sana'a ce mai ci. Wani kuma zai ce tone kabari ba tarbiyyarmu ba ce. Ni ma ina tare da shi, kuma wannan yana cikin abin da ya sa nake son waɗannan na'urori: suna rage tono, suna barin mamaci a makwancinsa.

Tun 2020 Jami'ar Kambirij take jagorantar wani shiri na lissafa wuraren tarihin Afirka da ke cikin haɗari ta hanyar hotunan sama da tsofaffin takardu. Ya fara da ƙasashe 8, ciki har da Mali da Senigal da Sudan, babu Najeriya a cikinsu. Ban ga dalilin da zai sa mu zauna jira ba. Muna da sashen nazarin kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Muna da malaman tarihi da na labarin ƙasa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Muna da gidan tarihi na ƙasa a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da hakimai da dagatai da suka san kowace gona da mai ita. Tsohuwar ƙasar Katsina kuma ba ta tsaya a Jibiya ba, ta kai Maraɗi da Tasawa, hoton tauraro kuwa ba ya tsayawa a kan iyaka, ga kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi da za a haɗa hannu da ita. Layin dogo da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga Kano ta Daura da Katsina zuwa Maraɗi yana ratsa tsakiyar wannan tsohuwar ƙasa, kuma duk inda tasha ta sauka gari zai bi ta. Abin da ba a rubuta ba kafin katafila ta iso, ba za a rubuta shi bayanta ba.

Don haka ina roƙon iyayenmu sarakuna da hakimai, a sa kowane dagaci ya kawo sunayen kufai da kusheyi da tsofaffin marina da ke ƙasarsa. Malamanmu na jami'a, a ba ɗalibai wannan aiki, kowane ɗalibi gundumarsu. Masu ba da fili, a duba taswira kafin a sa hannu. Kai kuma ɗan'uwa manomi, in garmarka ta tono tukunya ko gunki ko ƙarfen da ba ka gane ba, kada ka fasa, kada ka sayar wa mai zuwa da babur. Bar shi inda yake, ka rufe, ka sanar da mai gari, shi kuma ya sanar da gidan tarihi.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman wanda ya san wani kufai a yankinsu, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)